Zuwa ga Abba, Mai Riƙe wa Isyaku Jaka

Birnin Gwari,
Talata, 9 ga Satumba.

Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kun isa Kaduna lafiya, kun ratsa dajin nan ba ku haɗu da kowa ba sai masu kakin da ke raka motoci. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa ka sauka ƙasar mutane lafiya, ka dawo da ƙafafunka.

Ni na koya wa Isyaku wasan ces. Da wannan zan fara, domin shekara hamsin ke nan ina jiran ya faɗa da bakinsa, bai faɗa ba. Juma'ar da ta wuce na ji shi a rediyo ana hira da shi kan tafiyar da za ku yi. Yarinyar da ke tambayarsa ta ce, Alhaji, a ina ka koyi wannan darar Turawa? Ya yi 'yar dariyar nan tasa, ya ce ai a makaranta ya tsince ta. Tsinta ya yi, Abba, kamar wanda ya ga kwabo a ƙasa. Lokacin da muka haɗu a makarantar kwana a Zariya, Isyaku bai san yadda doki ke tsalle ba. Malaminmu na lissafi, wani ɗan Indiya, shi ya koya mini, ni kuma na zaunar da Isyaku a gindin darbejiyar bayan ɗakin kwananmu, ina kama hannunsa ina mayarwa. Mun shekara ina cire sarauniyata daga kan allo kafin mu fara, kuma ina cinye shi a haka.

Yanzu shi ne zai tafi Italiya gasar tsofaffi, kuma cikin duk samarin ƙasar nan ba a sami wanda za a ɗora wa shirya tafiyar ba sai ɗana. Kai za ka nema musu masauki, kai za ka adana takardunsu, kai za ka riƙe wa Isyaku jaka har ƙofar ɗakin gasa. In kun dawo kuma Abuja za ka wuce ka kama sabon aikinka, ɗakinka na nan gidan ya zama wurin ajiye buhunan masara. Ban hana ba, kuma ba zan ce ina murna ba. Ka san ban iya ƙarya ba, ko a takarda.

Ba labarin gari zan ba ka ba, kwana biyu ka yi da barinsa. Abin da nake da shi kurakuraina ne. Ban taɓa hawa jirgin sama ba, amma na fi duk wanda ke cikin ayarinku sanin yadda ake rasa tafiya. Don haka ka karanta a natse.

Tafiyar farko da na rasa ta Legas ce. Ina sabon malami a Kutemeshi aka yi gasar jiha a Kaduna, na cinye kowa, har da Isyaku wanda ya zo na biyu. Aka ce ni zan wakilci jiha a Legas, kuma waɗanda suka yi fice a can za a fita da su waje. Sai abin ya faɗo a makon da kakanka ya kira gayya a gonarsa ta hanyar Saminaka. Ka san yadda gayya take. In mai gona ya tara mutane, babban ɗansa ba ya ɓacewa, balle ɗan da ake cewa boko ya lalata masa hannu. Na ce zan tsaya in nuna musu har yanzu ina iya riƙe garma, sannan in kama hanya, ai kwana ɗaya ya ishe ni. Na yi gayyar, aka yaba mini. Na hau motar katako mai ɗauke da doya, tafukan hannuna duk bororo. Kafin mu kai Jebba motar ta karye. Direba ya tafi neman ƙarfe, mu muka zauna a bakin titi muna gasa doyar mutane muna ci.

Da na shiga ɗakin gasar, da ƙura har gira, an riga an yi nisa. Alƙalin wasa ya ce ranar farko sun danna agogona, ya yi ta tafiya a gaban kujerar da babu kowa har lokacina ya ƙare. Washegari suka ba na biyunmu gurbin. Ashe Isyaku ya hau jirgin ƙasa tun farkon mako, wai kallo kawai zai je. Na tarar da shi zaune a kujerata, ya tallafe haɓa. Da ya tashi ya ce, "Shu'aibu, ina ka tsaya? Na ce ko ka fasa ne." Bai kai ko'ina a gasar ba. Amma ya dawo da hoto, da kwat, da abokan da suka ci gaba da kiransa duk shekara. Ni na dawo da yabon garma.

Saboda haka, kada ka yarda ku isa ana gobe za a fara. Tsofaffi ka ɗauko, ba buhuna ba. Jikin tsoho yana buƙatar ya kwana, ya sake kwana, kafin ya yarda cewa ya sauka. Na ji za ku canza jirgi a Alƙahira. Ka nemi wanda akwai tazara mai yawa tsakanin sauka da tashi, domin mai ciwon gwiwa ba ya gudu a filin jirgi, kuma dole wani a cikinsu zai ce sai ya kama ruwa daidai lokacin da ake kiran fasinja. Masauki kuma ka zaɓi wanda za a taka da ƙafa zuwa ɗakin gasa, ko da ɗakunansa ba su da kyau. Ranar da kuka isa ka bi hanyar da kanka, ka ga inda matakala take, ka ga inda banɗaki yake. Duk wanda ya ce maka bari ya tsaya ɗaurin aure ko sunan jikansa, zai biyo ku daga baya, ka ba shi labarina. Ba sai ka faɗi sunana ba.

Kuskure na biyu a Kakangi na yi shi, lokacin da aka kai ni shugaban makaranta. Ina da allo na katako da ɗan Indiyan nan ya bar mini da zai koma ƙasarsu. Nakan shimfiɗa shi da yamma a ƙofar gida, yara su kewaye ni. Ba a daɗe ba magana ta fara yawo. Wasu suka ce caca ce. Wasu suka ce gumaka hedimasta ya kawo, ga doki da kai da kunnuwa. Wani dattijo ya ɗauki sarki ya juya shi, ya nuna wa jama'a ɗan gicciyen da ke kan hularsa, ya ajiye shi. A ranar na ɗauki wuƙa na fere gicciyen, na fari da na baƙi. Ban tsaya na yi wa kowa bayani ba, ban je wajen liman na ce ga abin da yake, ga yadda ake yinsa, babu kuɗi a ciki ba. Na ga kamar ni da na yi karatu a Zariya ban kamata in tsaya ina roƙon mutanen ƙauye su fahimce ni ba. Maganar ba ta mutu ba, sai na mayar da allon cikin akwati. Daga nan na koma bugawa da kaina a ɗaki, in motsa fari, in zagaya in motsa baƙi. Wanda ke bugawa da kansa ba ya ƙaruwa, Abba, domin ya san duk abin da abokin karawarsa ke nufi. A shekarun da Isyaku ke zama gaban sababbin fuskoki a Kaduna duk Asabar, ni ina zama gaban bango. Da na yi ritaya na bar akwatin a gidan malamai, wai zan aiko a ɗauko. Mutanen daji suka riga ni. Ka san sauran. Gidan ya ƙone da abin da ke ciki.

Abin da za ka ɗauka a nan shi ne, duk abin da zai jawo magana, ka yi maganarsa tun da wuri, a fili, kada ka jira ya same ku a tsakiyar mutane. Ka tara tsofaffin nan tun a Kaduna ka gaya musu agogon gasa ba ya tsayawa don an yi azahar. Wasa ɗaya yana iya cinye azahar da la'asar. Ku je wajen malami tare, ya faɗa musu abin da aka sauƙaƙa wa matafiyi na ƙasaru da haɗa salla, kowa ya ji da kunnensa, kada wani ya tashi a tsakiyar wasa ransa a ɓace. Ka gaya musu akwai mata a gasar, tsofaffi kamar su, kuma al'adar wasan a miƙa hannu kafin a fara da bayan an gama. Wanda ba zai miƙa ba, ka je ka sanar da alƙalin wasa tun farko, shi kuma ya dafa ƙirji ya rusuna kaɗan da fara'a, kada a ɗauka wulaƙanci ne. Za su ga gicciye a kan kowane sarki a ɗakin nan. Kada kowa ya zaro wuƙa.

Na uku ba shi da nisa, kana nan aka yi, ko da yake ba ka cikin zauren. Da baffanka ya rasu, Isyaku ya zo ta'aziyya, ya shigo cikin rakiyar sojoji da farar motarsa. Bayan an shafa fatiha mutane sun ragu, ya matso kusa da ni ya ce wai yanzu an buɗe wa tsofaffi gasarsu daban a ƙasashen waje, mai furfura da mai furfura, kuma ƙungiyarsu tana neman mutane.

"Ka yi fasfo, Shu'aibu," in ji shi. "Ka zo Kaduna ka sauka a wajena, in kai ka ofishin da kaina. Wata biyu kana bugawa da mu, hannunka zai dawo."

Na ce, "Hannuna ina ya je da zai dawo?"

Ya yi dariya ya ce, "Yana cikin akwati ƙarƙashin gado, ai an ba ni labari."

Na ce masa ranar da nake buƙatar ɗalibina ya kama hannuna ya kai ni ofis, zan aika masa. Ya ce to, Allah Ya huci zuciyar malam. Ya sa takalminsa ya tafi. Da wani ne ya kawo mini wannan magana, ko direban tasha ne, da washegari ina Kaduna. Amma daga bakin Isyaku ta fito, da ƙanshin turarensa, a zauren da rufinsa ke yoyo. Na zauna ina jiran ya sake tambaya, yadda ake yi wa babba, a tambaye shi sau biyu sau uku kafin ya amsa. Bai sake ba. Mutanen birni sau ɗaya suke tayi.

Don haka in an miƙo maka abin da kake so, ka karɓa tun a karon farko, ko da ba ka son hannun da ya miƙo. A can inda za ku, in an ce za ka ci abinci ka ce a'a don kara, za a ɗauke kwanon ne. Ka gaya wa tsofaffinka haka. Takardu kuma kada ka yarda da bakin kowa. Tsoho zai rantse maka fasfonsa lafiya lau, alhali tun aikin hajjinsa bai buɗe shi ba. Ka karɓa ka duba ranar ƙarewarsa da idonka. Ka duba biza, ka duba katin allurar rigakafi. Maganin kowa ya kasance a jakar hannu, cikin kwalinsa, da takardar likita, kada a zuba shi a leda kamar gyaɗa. Kilishi ku bar shi a gida, za a ƙwace a filin jirgi, kuma Isyaku zai tsaya yana musu da ma'aikata. Yaji da garin kunu ka tambaya tukuna ko ana barin shiga da su. Waya kuwa, ka tsaya a ƙofar ɗakin gasa ka karɓe ta kowa. In ta yi ƙara a aljihun mutum an cinye shi ke nan, ko da saura taki ɗaya ya kama sarki. Mutanenmu ba sa iya kashe waya, kullum gani suke za a kira a ce an yi rasuwa.

Yanzu bari in gaya maka wanda za ka riƙe wa jaka, domin ka zauna a gidansa shekaru amma ni na san shi a kan allo tun ba shi da gemu. Isyaku yana fito da sarauniya da wuri, tun bai gyara gidansa ba, don yana son a ga ya kai hari. Na hana shi tun muna yara, bai hanu ba. In wasa ya yi masa daɗi yakan fara kallon 'yan kallo, a nan ake kama shi. Yana da taɓa ɗan wasa ya sake, ya ce gyarawa yake yi. A Kaduna ana ƙyale shi don Alhaji ne, a can duk abin da ka taɓa sai ka motsa shi. Kada ka bari ya sa babbar riga, hannunta zai share rabin allon, ya sa kaftani da rigar sanyi a ciki, da safa biyu. Ciwon sugansa yana tashi in wasa ya yi tsawo, sai ka ga yana motsi da sauri ba tunani. Ka sa masa dabino a aljihu. Bayan cin rana kada ka bar shi ya kwanta, in ya kwanta sai ya tashi da kai mai nauyi.

Kada ka ɗauka na faɗi wannan don ina son ya ci. Na faɗa don kada a ce mutumin Birnin Gwari ya je ƙasar mutane ya zubar da 'yan wasa da hannun riga. In ya ci wani abu, kada ka kira ni, ka kira Innarka, ita za ta yi guɗa. Ni zan ji a rediyo, kuma na san abin da zan ji a cikina. Na yi istigfari a kansa ya fi a ƙirga, bai tafi ba. Duk wasan da zai ci a can, da motsin da na sa a hannunsa zai ci shi.

Saura na ƙarshe, wanda saboda shi na nemi takarda da biro.

Kai ne ɗan farina, kuma sunan mahaifina gare ka, shi ya sa ko a wannan takarda ban rubuta sunanka ba. Kakarka ta taso cikin Fulani, kunyar ɗan fari a wajenta ba abin wasa ba ce. Ranar da aka haife ka ta aiko a gaya mini kada ta ji an ce an gan ni ina leƙen jariri. Na bi. Ban ɗauke ka a gaban mutane ba, ban kira ka ba, in ka shigo zaure nakan sami abin dubawa a wani gefen. Kowa ya ce Malam Shu'aibu duk da bokonsa ya san ya kamata, kuma na ji daɗin wannan yabo kamar yadda na ji daɗin na garma. Kana rarrafe kakan zo ka kama doki ka kai baki, sai in kira Innarka ta zo ta ɗauke ka. Da ka yi wayo kakan tsaya a bakin ƙofa kana kallon ina jera wa 'ya'yan mutane allo. Na koya wa ɗan maƙeri, na koya wa ɗan mai unguwa, na gwada koya wa ƙannenka, ba wanda ya damu. Kai da ka damu, ban iya zaunar da kai a gabana ba. Ces wasa ne na fuska da fuska, gwiwa kusa da gwiwa, awa biyu awa uku kuna numfashi a kan allo ɗaya. Uba ba ya yin haka da ɗan fari. Haka na taras, haka na riƙe.

Da ka gama firamare Isyaku ya zo ya ce in ba shi kai riƙo, ka yi sakandare a Kaduna. Uban da aka roƙi ɗan farinsa ya nuna yana so ya riƙe, an gama da shi a gari. Na ce, "Ɗauke shi mana, me zan yi da shi?" Har dariya na yi. Innarka ba ta yi mini magana ba sai da aka yi mako.

Hutun farko da ka dawo, na hango ka a gindin mangwaron makaranta kana bugawa da wani mai bautar ƙasa. Na tsaya daga nesa kamar ina gyara sarƙar kekena. Na ga ka tura sojan gaban sarauniya, ka fito da doki, ka jera su yadda nake jerawa, har da yadda nake juya fuskar doki ta kalli gefe. Da ka cinye shi ya tambaye ka wa ya koya maka wannan, ka ce salon Baba ne. Na ji daɗi na ɗan lokaci, kafin na gane wane Baban kake nufi. Shi kake kira Baba. Ni Malam kake ce mini, kamar kowa a garin nan. Ban ga laifinka ba, ni ban taɓa ba ka wani sunan da za ka kira ni da shi ba.

Ka san abin da ya faru ranar Asabar, amma zan rubuta don ka ji shi daga gefena. Bayan la'asar ina zaune a zaure ka yi sallama, ka tsuguna, ka zaro allo na naɗewa daga jakarka, ka shimfiɗa a kan tabarmata. Ka jera fari a gefena. Ka san halin idona, ka san abin da likita ya ce, cewa na hagun ma ya bi hanyar na daman, shi ya sa ka kawo manyan 'yan wasa, kuma ka jawo tabarmar wajen haske. Na lura da duk wannan.

Ka ce, "Malam, wasa ɗaya kafin in tafi."

Na ce, "Ka je ka buga da Babanka na Kaduna."

Ba ka tashi ba. Ka zauna kanka a ƙasa, hannuwanka a kan gwiwa, ni kuma na kunna rediyo. Muna nan har aka kira magariba. Sannan ka kwashe su ɗaya bayan ɗaya, ba ka bari sun yi ƙara ba, ka naɗe allon, ka ce a tashi lafiya. Da safe motoci suka taru a tasha ka tafi.

Da ta kawo mini koko, Innarka ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, tsohuwar da kake jin tsoro ta daɗe a ƙasa. Yaron ya yi gemu. Kunyar wa kuma kake ji?" Na ce mata ta bar ni in sha kokona. Ta ce in sha, ai shi ba ɗan fari ba ne.

Ba kunya ba ce ranar Asabar, Abba, ko kuma ba ita kaɗai ba. Na dubi allon nan na ga in ka cinye ni, Isyaku ne ya cinye ni a zaurena, da hannun ɗana. In ni na cinye ka, za ka koma ka ba shi labari, ya ce ai tsohon yana nan da saura, ya yi dariyar nan tasa. Ko ta ina na duba shi nake gani zaune a tsakaninmu. Rediyon da na kunna ban ji ko kalma ɗaya ba. Idona yana kan sojan gaban sarauniya, yatsuna suna motsi a ƙarƙashin riga. Da ka ce mini sau ɗaya kuma, Malam, don Allah, ina jin da na taɓa shi. Amma a Kaduna ka girma, kai ma sau ɗaya kake tayi.

Shawarar da ke bin wannan gajeriya ce. In Allah Ya ba ka ɗan fari, ka yi masa kara a gaban mutane in kana so, kada a ce ɗan Malam Shu'aibu bai san al'ada ba. Amma in an watse, ka zaunar da shi a gabanka, ka ba shi abin da ka iya da hannunka. In ba ka ba shi ba wani zai ba shi, kuma wannan wanin ne ɗanka zai riƙa kira Baba. Kada ka bayar da shi riƙo kana dariya. In ba ka so, ka ce ba ka so, a zage ka na wata guda.

Kada kuma ka ce za ka gyara abin ta waya, ka aiko mini da motsi in aiko maka da nawa. Wayar garin nan sai ta ga dama take shiga, kuma ko tana shiga wannan ba zama ba ne. Na yi shekaru ina bugawa da wanda ba na gani, ya ishe ni.

Zan ba direban da ke lodin Kaduna gobe wannan takarda, ya kai ta gidan Isyaku, tunda can ne gidanku. Ka gaishe shi. Ka ce na ce ya gyara gidansa kafin ya fito da sarauniya, zai gane daga inda saƙon ya fito. Allah Ya kiyaye ku a sama da ƙasa, Ya raba ku da sharrin hanya da sharrin sanyi, Ya mayar da kowane tsoho ga iyalinsa. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa aikin da za ka kama ya zama alheri, Ya ba ka 'ya'yan da za su zauna a gabanka. Na yafe maka duk abin da kake jin ka yi mini, ko da yake ban san ko ɗaya ba.

Na buga da ɗan Indiya, na buga da Isyaku, na buga da ɗan maƙeri da ɗan mai unguwa, na buga da kaina har na gaji. Yanzu in la'asar ta yi sanyi ba na bambanta farin gida da baƙi. Kai ne kaɗai wanda ya so wasan nan a cikin jinina, kuma ban taɓa buga ko wasa ɗaya da kai ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Shu'aibu